Shirwa da Naman Kaza: Kalma Ɗaya a Harshen Polan, da Darasinta ga Masu Haɗa Ƙamus na Hausa

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama aikin haɗa ƙamus, ko tsara littafin karatu na ajin yaƙi da jahilci, ya san wahalar da kalma mai ɗauke da ma'ana biyu takan jawo. Idan ma'anonin suna kusa da juna, kamar bakin mutum da bakin rijiya, matsalar ba ta da yawa, domin mai karatu da kansa yakan gane hanyar da aka bi daga wannan zuwa wancan. Amma akwai inda tazarar take da faɗi, har mutum ya rasa abin da ya haɗa su.

A wannan maƙala mun ɗauko misali ɗaya irin wannan daga harshen mutanen Polan, a tsakiyar Turai. A can, kalma guda, watau "kania", tana nufin shirwa, kuma tana nufin wani irin naman kaza mai fitowa a bakin kurmi. Za mu duba kalmar, mu kwatanta halittun nan biyu, sannan mu ga abin da kwatancin ya koya mana game da namu aikin.

Dalilai biyu suka sa muka zaɓi wannan misali. Na farko, tsuntsun da ake magana a kansa ba baƙo ba ne a wurinmu, ita ce dai shirwar da ke shawagi a kan mahautanmu. Na biyu, Hausa ma da sunan tsuntsu ta kira wannan tsiro. Bambancin shi ne, mutanen Polan sun ba shi sunan mai sura, Hausawa kuwa suka ba shi sunan wadda ake surar wa ƴaƴa.

1. Kalmar da danginta

Ana furta "kania" kusan kamar yadda Bahaushe yake faɗin "kanya". Kada mai karatu ya ɗauka akwai wata dangantaka tsakaninta da itaciyar kanya tamu. Dacewar sauti ce kawai, irin wadda ake samu tsakanin kowaɗanne harsuna biyu idan aka tsananta bincike.

Kalmar tsohuwa ce a cikin dangin harsunan Silabiyawa, watau dangin da harsunan Polan da Cak da Rasha suka fito daga ciki. Galibin masana asalin kalmomi suna ganin daga kwaikwayon kukan tsuntsun aka samo ta. Ga yadda take a wasu harsunan yankin:

(1) a. Polan: kania, shirwa (Milvus)
b. Cak: káně, wani dangin shaho mai farautar ɓeraye (Buteo)
c. Sulobakiya: kaňa, wani mai farauta a fadama da filin ciyawa (Circus)
d. Rasha: kanyuk, irin na (b)
e. Hungari: kánya, shirwa

Harshen Hungari ba ya cikin wannan dangi, aro ya yi daga maƙwabta. A harshen Rasha kuma, daga sunan tsuntsun aka fitar da wani aikatau mai nufin nacin roƙo da murya mai ban tausayi, abin da ke ƙara ƙarfafa ra'ayin cewa kukan ne tushen sunan.

Abin lura a (1) shi ne, tushe ɗaya ne, amma da zarar an ƙetare iyaka sai ya sauka a kan wani tsuntsu daban. Ƙasashen Polan da Cak da Sulobakiya suna maƙwabtaka da juna, harsunansu ƴan'uwa ne na kusa, duk da haka tsuntsaye uku ne ke amsa sunan. Wannan ya isa ya sa mai bincike a ƙasarmu ya yi hattara: kada ya yanke hukunci cewa abin da ake kira shaho a Adar shi ne ake kira shaho a Damagaram, sai ya je ya tambaya, an nuna masa.

2. Tsuntsun

Iri biyu na shirwa ke hayayyafa a Polan. Akwai ja, "kania ruda" (Milvus milvus), mai dogon bindi a rabe sosai kamar bakin almakashi. Wannan kusan a Turai kaɗai take rayuwa, ba ta isowa wajenmu. Akwai kuma baƙa, "kania czarna" (Milvus migrans), wadda rabewar bindinta ba ta kai ta jar ba. Faɗin fukafukanta idan ta buɗe su yakan kai kimanin mita ɗaya da rabi. Tana cikin tsuntsaye masu farauta da suka fi bazuwa a duniya, domin ana samun ta a Turai da Asiya da Afirka da Ostareliya.

Baƙar shirwa ta Turai ƴar ci-rani ce. Takan isa wuraren sheƙarta wajen watan Maris ko Afrilu, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, sannan wajen Agusta ko Satumba ta kama hanyar kudu. Na yammacin Turai sukan ƙetare teku ta mashigin Jibraltar, dubun dubatarsu, su ratsa Sahara, su yi lokacin sanyi a ƙasashen Sahel da na kudu da su. A nan sukan tarar da ƴar'uwarsu ta Afirka, mai rawayan baki, wadda masana da yawa a yau suke ƙidaya ta iri mai zaman kansa (Milvus aegyptius). Ita ma tana da tata tafiyar, takan bi damina zuwa arewa, ta koma kudu da rani. Bahaushe bai raba su ba, duka shirwa ce.

Abincin shirwa ba shi da iyaka ɗaya. Tana cin mushe da tarkacen mahauta da na juji, tana ɗaukar mataccen kifi a kan ruwa, tana bin wutar daji don kama ƙwarin da ke gudu, tana cin fara da shinge. Amma abin da manomi ya fi sanin ta da shi, a Turai da nan, shi ne surar ƴan tsaki. Shi ya sa Hausawa ke cewa kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa.

3. Naman kazan

Ɗaya ma'anar ta "kania" ita ce wani babban naman kaza wanda masana ke kira Macrolepiota procera. Wani masani mai suna Scopoli ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1772, ya sa masa suna Agaricus procerus, kalmar ta biyu kuwa a Latin tana nufin "dogo". A 1948 Rolf Singer ya mayar da shi cikin rukunin da yake a yanzu.

Sunan ya dace da shi. Karansa siriri ne, yakan kai santimita 30 ko fiye, da zane-zane masu ruwan ƙasa kamar na fatar maciji. Yana ƙarami, kansa a dunƙule yake kamar ƙwai a bisa sanda. Idan ya girma sai kan ya buɗe kamar laima, faɗinsa daga santimita 10 zuwa 30, da ɗan tozo a tsakiya. Saman laimar fari-fari ne, da ɓawo-ɓawo masu ruwan ƙasa a warwatse, roɗi-roɗi. A ƙarƙashinta akwai siraran shafuka farare a jere, kamar na littafi. A jikin karan kuma akwai wani zobe mai kauri, wanda ake iya turawa sama ko ƙasa da yatsa. Yana fitowa a bakin kurmi da sararin cikin daji da makiyaya, daga tsakiyar shekara zuwa watan Oktoba, musamman bayan an yi ruwa.

Mutanen Polan ma'abota tsintar naman kaza ne. Da kaka iyali guda sukan fita daji da kwanduna, kuma wannan iri yana cikin waɗanda suka fi so. Sukan cire karan don yana da tauri, su tsoma laimar cikin ƙwai da garin burodi, su soya ta kamar yankan nama.

Kowane harshe da abin da ya kalla a jikinsa kafin ya raɗa masa suna:

(2) a. Jamusanci: Riesenschirmling, "ƙatuwar laima"
b. Rashanci: grib-zontik, "naman kaza mai laima"
c. Italiyanci: mazza di tamburo, "makaɗin ganga"
d. Hungari: őzlábgomba, "mai ƙafar barewa"
e. Polan: kania, "shirwa"; a wasu yankuna sowa, "mujiya"

Jamusawa da Rashawa sun dubi buɗaɗɗen kan. Italiyawa sun dube shi tun yana dunƙule. Mutanen Hungari sun dubi siririn karan. Na Polan kuwa, bisa bayanin da aka saba bayarwa, sun dubi roɗi-roɗin saman, suka ga kamar gashin tsuntsu mai farauta. Sunan "mujiya" da ake ji a wasu yankuna yana goyon bayan wannan bayani, tun da ita ma gashinta roɗi-roɗi ne. Haka nan a Jamusanci akwai wani naman kaza daban (Sarcodon imbricatus) mai manyan ɓawo a ka, wanda ake kira Habichtspilz, watau "naman kazan shaho".

Har ila yau, ba "kania" kaɗai ce mai sunan tsuntsu a harshen Polan ba:

(3) a. kurka, "ƴar kaza" (Cantharellus cibarius)
b. gąska, "ƴar dinya" (Tricholoma)
c. gołąbek, "ɗan tantabara" (Russula)

Ke nan al'ada ce zaunanniya a harshen, a ɗauki sunan tsuntsu a ɗora wa naman kaza.

4. Inda suka rabu da inda suka haɗu

Ta fuskar ilimin halittu, tazarar da ke tsakanin shirwa da naman kaza ta fi wadda ke tsakanin shirwa da kifi ko kwaɗo nesa ba kusa ba. Shirwa dabba ce mai ƙashin baya, mai jini, mai gani da ji, tana neman abincinta ta haɗiye shi. Naman kaza ba ya motsi daga inda ya fito. Abin da muke gani a bisa ƙasa ma ba shi ne dukan jikinsa ba. Ainihin jikin wasu siraran zaruruwa ne farare, kamar saƙar gizo, shimfiɗe a cikin ƙasa da ruɓaɓɓun ganyaye. Su ne ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci a waje, sannan su tsotse shi. Laimar da ke fitowa bayan ruwa matsayinta kamar na ɗan itace ne: aikinta ta saki ƙurar iri daga shafukan nan na ƙarƙashi, iska ta kwashe, sannan ta ruɓe cikin ƴan kwanaki.

Da can masana suna lissafa naman kaza cikin tsirrai. A 1969 R. H. Whittaker ya ware shi, tare da fumfuna da danginta, ya ba su babban rukuni nasu na kansu, domin ba su da koren sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Binciken ƙwayoyin gado na shekarun 1990 ya ƙara nuna cewa wannan rukuni ya fi kusa da dabbobi bisa ga tsirrai. Bangon ƙwayoyin jikinsa ma da irin sinadarin da ke cikin ɓawon fara aka gina shi. Saboda haka Bahaushen da ya kira shi "nama" bai yi nisa da gaskiya ba kamar yadda ake zato, ko da yake shi laushin tsokar ya duba.

Inda halittun biyu suka haɗu kuwa wurare uku ne. Akwai kamannin launi, wanda shi ne ya haifar da sunan. Akwai aiki: dukansu masu share abin da ya mutu ne, shirwa ta kwashe mushe, naman kaza ya ruɓar da ganye ya mayar da shi taki. Akwai kuma ruwan sama, wanda shi ne ya kai mu ga batu na gaba.

5. Karin maganar da ta sauya mai ita

Mutanen Polan suna da wata karin magana da kowa ya sani. Idan mutum ya ƙagu da jiran wani abu, sai a ce yana jiransa "jak kania dżdżu", watau kamar yadda "kania" ke jiran ruwan sama. Kalmar ƙarshe tsohuwar siga ce ta sunan ruwan sama, wanda a yau ake kira "deszcz". Karin maganar ce ta riƙe tsohuwar sigar, kamar yadda namu karin maganar suke riƙe da kalmomin da suka fita daga bakin yara.

To, wace "kania" ce ke jiran ruwa? Masana harshen sun amsa cewa tsuntsun ne. Mutanen karkara na da sun ji kukansa kamar yana faɗin kalmarsu ta "sha", suna kuma ɗaukar yawan kukan alamar ruwa ya kusa. Akwai wata tatsuniya da ta bazu a yankin: wai lokacin da aka umurci tsuntsaye su haƙa koguna da tafkuna, shirwa ta ƙi, don kada ta ɓata ƙafafunta da taɓo. Sai aka hukunta ta, aka hana ta shan kowane ruwa sai na sama. Tun daga ranar take kuka tana roƙon hadari.

Amma da yawa cikin masu magana da harshen a yau naman kaza suke kawowa a ransu idan sun ji karin maganar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shirwa ta yi ƙaranci a ƙasar, har doka ta sa ta cikin tsuntsayen da ake karewa, ɗan birni yana iya tsufa bai taɓa gane ta a sama ba. Naman kazan kuwa kowace kaka yana cikin kwando da kasko, kuma kowa ya san sai an yi ruwa yake fitowa. Sabuwar fassarar ta zauna daram, har ba a jin an sauya wani abu.

Wannan ya nuna mana wata ƙa'ida: idan kalma tana da ma'ana biyu, aka daina ganin abu na farko, sai na biyun ya gaje kalmar, ya gaje har karin maganar da aka gina a kanta. Mu ma abin ya shafe mu. Masanin tsuntsaye Jean-Marc Thiollay ya ƙidaya tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar wajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin, ya tarar manya-manyansu sun ragu ƙwarai a wajen gandayen da ake karewa. A 2015 aka sa ungulu, wadda da ba a raba ta da mahauta, cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Yaron da bai taɓa ganin jewar ungulu ba, me zai fahimta idan an ce masa ungulu ba ta jewar banza?

6. Yadda Hausa ta bi da lamarin

Hausa ma tana ɗora sunan tsuntsu a kan abin da ke tsirowa, amma ta wata hanya daban:

(4) a. idon zakara (Abrus precatorius): ƙwayar ja ce jawur da ɗigon baƙi
b. nonon kurciya (Euphorbia hirta): yana fitar da farin ruwa idan an karya shi
c. farcen shaho ko ƙumbar shaho (Senegalia polyacantha): ƙayarsa a lanƙwashe take
d. naman kaza: tsokarsa fara ce mai laushi

A harshen Polan an ɗauki sunan tsuntsun ɗungurungum an miƙa wa naman kaza, jinsinsu ɗaya, jam'insu ɗaya, babu abin da ke raba su sai zancen da suka fito a ciki. A Hausa kuwa harɗaɗɗen suna ake ginawa: a ambaci sashen jiki, a sa mahaɗi, sannan a kawo sunan tsuntsun. Ta haka wurin da aka ga kamannin yana nan a fili cikin sunan, ido ne ko farce ko nama. Ɗaya sunan da ake kiran wannan halitta da shi, "laimar kwaɗi", shi ma haka aka gina shi, kuma ya dace da abin da Jamusawa da Rashawa suka gani a (2).

Duk da haka ruɗani bai ƙare ba. Jimlar "an kawo naman kaza" tana iya nufin abu biyu. Nahawu yana ba mu hanyar gwaji. Idan harɗaɗɗen suna ya daskare ya zama kalma guda, mahaɗin da ke biyo bayansa yakan bi jinsin dukan sunan, ya bar jinsin kalmar ƙarshe. Muna cewa "kasuwar garin" amma "ɗan kasuwan garin". Bisa wannan ƙiyasi za a sami:

(5) a. Ya ci naman kazarsa. (ya yanka kazar da ya mallaka)
b. Ya ci naman kazansa. (ya ci abin da ya tsinto a daji)

A karin harshen yamma, kamar na Adar da Gobir, za a gwada "kazatai" da "kazanai". Haka kuma jam'in "naman kaji" na ma'anar (a) ne kaɗai. Yana da kyau masu bincike su gwada waɗannan jimloli a bakin masu magana na yankuna daban-daban, su rubuta abin da suka ji.

Wajibi ne kuma a bambanta wannan da irin su "gari" na zama da "gari" na tuwo, ko "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Waɗannan kalmomi ne daban-daban tun asali, tsawon wasali ko karin sauti ya raba su a baki, rubutunmu ne kawai ya haɗa su.

7. Haɗarin da ke cikin suna

Da a ce maganar ta tsaya ga nahawu, da ba mu tsawaita ba. Amma a wannan fage kuskuren suna yana kai mutum kushewa.

A dazuzzukan Turai akwai wani naman kaza mai suna Amanita phalloides, wanda shi ne sanadin mafi yawan mutuwar da ake yi ta cin naman kaza a duniya. Dafuwa ba ta kashe dafinsa, shanya ma haka. Wanda ya ci ba ya jin kome sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan amai da zawo su kama shi. Daga nan sai ya ji sauƙi kamar ya warke, alhali kuwa dafin yana cin hantarsa. Rabin kai guda ya isa ya kashe babban mutum. A Polan, wanda bai ƙware ba yakan ɗauke shi a matsayin "kania" ƙarama, ko ɗaya daga cikin na (3b) da (3c) masu launin kore-kore. Alhali alamun da ke raba su a bayyane suke ga wanda aka koya wa: mai dafin kansa sumul yake, zobensa siriri ne a manne ba ya motsi, gindinsa kuma yana zaune cikin wata ƴar jaka, abin da "kania" ba ta da shi.

A watan Agusta na 2021, wani iyali da aka kwaso daga Kabul aka sauke a wani masauki kusa da birnin Warso sun tsinci wannan naman kaza a dajin da ke kewaye, suka yi miya da shi. Yara biyu, wa da ƙane, masu shekara 6 da 5, suka rasu a farkon Satumba. Sanin dajin wata ƙasa ba ya amfani a dajin wata.

Saboda irin wannan haɗari, a Polan ba a barin sunan kasuwa shi kaɗai ya yi hukunci. A littattafai ana kiran wannan iri da suna mai kalma biyu, "czubajka kania", kalmar farko tana nuni da tozon nan na tsakiyar kai. Hukumar lafiya tana da jerin ire-iren da aka yarda a sayar, kuma akwai ƙwararru masu takardar shaida da ke duba abin da aka tsinto.

A ƙasashenmu masu zafi akwai wani mai kama da "kania" ƙwarai, Chlorophyllum molybdites, mai farar laima da ɓawo-ɓawo da zobe, yana fitowa cikin ciyawa da damina. Yana sa amai da zawo mai tsanani. Shafukansa sukan koma kore-kore idan ya tsufa, ƙurar irinsa ma haka. A gefe guda kuma akwai na kirki, irin su Termitomyces masu fitowa a kan suri, waɗanda gara ce ke noma su a cikin gidanta, kuma ana cin su a ƙasashen Afirka da dama. To, a daidaitacciyar Hausa, da mai dafin da na kirkin duk "naman kaza" ne. Ga shi kuma sunan da kansa yana kiran mutum zuwa ga ci. Malamin da ya fassara wani darasin abinci mai gina jiki daga Faransanci, ya rubuta "naman kaza abinci ne mai amfani" ya yi shiru, bai yi kuskuren fassara ba, amma ya buɗe ƙofar ɓarna. Sabon mai karatu yana girmama abin da ya gani a takarda. Irin wannan hattara ta wajaba a kan "idon zakara" ma, domin ƙwayarsa, duk da kyanta, tana da dafi mai kisa idan an tauna.

8. Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna gabatar wa masu haɗa ƙamus da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci waɗannan shawarwari:

(a) Harɗaɗɗun sunaye irin na (4) a ba kowanne gurbinsa na kansa a ƙamus, tare da jinsinsa, a kuma yi nuni zuwa gare shi daga ƙarƙashin "nama" ko "ido" ko "farce". Ƙa'idar rubutunmu ba ta saba sa karan ɗori a irin waɗannan ba, don haka bayani da misali ne za su raba ma'anonin.

(b) A bayyana a fili cewa "naman kaza" da "laimar kwaɗi" sunaye ne na tarin ire-ire, wasu ana ci, wasu suna kisa. Kada a rubuta jimlar da ta yabi amfaninsa ba tare da gargaɗi a cikin sakin layi ɗaya ba.

(c) Inda ake nufin iri guda, a kawo sunansa na Latin da hotonsa, hoton kuma ya nuna gindi da zobe da ƙarƙashin laima. Littafin karatu ba zai maye gurbin wanda ya san dajin ba, kuma ya kamata littafin da kansa ya faɗi haka.

(d) A tattara sunayen tsuntsaye masu farauta da na ire-iren naman kaza yanki-yanki, daga Gaya da Dogon Dutsi zuwa Tawa da Maraɗi da Damagaram. A tambayi mafarauta da makiyaya da masu magani da mata masu shiga daji. A rubuta sunan, da garin da aka ji shi, da abin da aka nuna, da dalilin sunan in an faɗa. J. M. Dalziel ya yi irin wannan aiki a kan tsirrai tun 1916, G. P. Bargery kuma ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, amma dukansu daga Nijeriya suka yi aikin. Kare-karen harshen Nijar suna bukatar nasu bin diddigin.

(e) Kafin a ƙirƙiro sabuwar kalma ta kimiyya, a tabbata babu wata a bakin mutanen karkara. Idan ƙirƙirar ta zama dole, a bi hanyar harɗaɗɗen suna wadda harshen ya saba da ita, a kuma zaɓi alamar da ke raba abin da mai kama da shi.

(f) A rubuta karin magana tare da bayanin halittar da ke cikinta, tun masu iya bayanin suna raye.

9. Kammalawa

Mun ga cewa abin da ya haɗa shirwa da naman kaza a harshen Polan alama ɗaya ce tak, roɗi-roɗin launi, kuma a kan alama ɗaya irin wannan aka gina "idon zakara" da "farcen shaho" da "naman kaza" a Hausa. Sunan gargajiya yana gaya mana abin da idon mutanen da ya fara sauka a kai. Ba ya gaya mana dangin abu, ba ya kuma gaya mana ko ana ci. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan da suka ce kama da wane ba ta wane. Aikin mai ƙamus shi ne ya adana sunan kamar yadda ya ji shi, sannan ya ƙara abin da sunan ya bari. Muna fatan abokan aiki da ke jihohi za su ɗauki shawara ta (d) da muhimmanci a damina mai zuwa, su aiko da abin da suka tattara don a buga a wannan mujalla.